Yadin da ya shekara shida yana jiran in rame

Akwai wani yadi ruwan ɗorawa da ya yi shekara shida a ƙasan akwatina. Auduga ce mai ɗan nauyi, da siraran ratsin fari a kwance, irin wanda idan rana ta haska shi sai ka ce fitila aka kunna. Ranar da na saye shi, tun kafin in isa gida na riga na yanke masa hukunci: sai na rame za a ɗinka shi. Na naɗe shi a leda, na danne da tsofaffin zannuwan gado. Duk lokacin da na tashi gyaran ɗaki sai in ciro shi, in kara a jikina gaban madubi, in ce masa "saura kaɗan", in mayar. 'Yata tana da shekara biyu a lokacin. Har ta shiga aji uku yadin yana nan yana jira.

A tsawon shekarun nan baƙi nake sawa, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi mai duhu ranar da na tashi da nishaɗi. Wai baƙi yana rage jiki. Duk wata mai jiki ta sha wannan huɗuba tun tana budurwa, tare da 'yan uwanta: kada ki sa mai ratsi a kwance, kada ki sa mai manyan furanni, kada ki sa mai sheƙi, kada ki sa fari. Idan kika tattara "kada" ɗin nan gaba ɗaya, abin da ya rage miki shi ne buhu mai wuya da hannuwa biyu. Irinsa kuwa nake sawa, in ɗora babban mayafi a kai ko da zafi na neman kashe ni.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne hotuna. A kowane taro ni ce mai cewa "ku kawo wayar in ɗauke ku". Mutane suna ganin kirki ne, alhali gudu nake yi. Idan aka matsa sai na shiga, in laɓe a layin baya, kai kawai ake gani kamar wadda ke leƙe ta katanga. Kwanaki na zauna ina duba hotunan 'yata daga shekara biyu zuwa takwas. Babanta yana ciki, ƙannena suna ciki, har maƙwabciyar da muka daɗe da rabuwa tana ciki. Ni kuwa hannuna ne a wani, gefen mayafina a wani.

Maganganun mutane ba zan ɓata lokaci a kansu ba, kowa ta san su. "Kin ƙara jiki fa", tun kafin a amsa gaisuwa. "Ga ki kyakkyawa, da dai za ki ɗan rage." Wannan ta biyun ta fi zafi, domin mai faɗinta tana ganin yabonki ta yi.

Ranar da abin ya kai mini iya wuya, a ɗakin gwaji na wani kanti ne. Na ɗauki riga mai lamba 18, ina ganin na ma bar wa kaina sarari, tunda a gida ina da wata mai lamba 16 da take shiga. Rigar ta wuce kai, ta wuce kafaɗa, ta zo ƙirji ta tsaya cak. Ba ta sauka ba, ba ta kuma yarda ta koma sama ba. Ga ni tsaye hannuwa a sama, fuska a cikin riga, gumi yana tsiyaya, mai jiran kanti tana ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko ta yi mini. Da ƙyar na fita daga cikinta ba tare da ɗinkin ya ɓalle ba. Na miƙa mata ina murmushi, na ce kalar ce ba ta yi mini ba. A mota na yi kukana.

Goggona ce ta ga idanuna a ranar, ba ta tambaye ni komai ba. Bayan kwana biyu ta ce in shirya in raka ta wurin wata ƙawarta, tsohuwar tela ce da ta rage aiki saboda ido, kowa Inna yake ce mata. "Ki ɗauko yadin nan da kike ɓoyo," in ji Goggo. Ashe ta sani.

Ni da awo ba ma shiri. Na saba da telan da zai zagaya tef a ƙuguna ya ɗan yi gyaran murya, ko ya ce "to fa", ko ya rubuta lambar a ɓoye kamar sakamakon gwajin asibiti. Ni ma ina taimaka masa da shanye ciki da riƙe numfashi, wanda shi ne ya sa rabin kayana suke matse ni da zarar na zauna. Inna ta ɗora tabarau, ta ce, "'Yar nan, saki cikinki. Rigar da zan ɗinka ta mai numfashi ce." Sai ta shiga kiran lambobi da ƙarfi, jikarta tana rubutawa. Kafaɗa 15 da rabi. Saman ƙirji, ta ƙarƙashin hammata, 41. Ƙirji 46. Ƙugu 40. Kwankwaso 50. Damtse 16. Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar mai karanta lambar waya. Ta sa na zauna a kujera ta sake auna kwankwaso da ciki, ta sa na ɗaga hannu kamar zan sauko da kaya daga kanta, ta auna daga wuya zuwa ƙugu ta gaba, ta sake ta baya. Na shekara talatin da wani abu a duniya, ba a taɓa auna ni a zaune ba.

Da ta gama ta dubi takardar ta ce, "Kafaɗarki ta mai lamba 14 ce, ƙirjinki na mai 20, ƙasanki ya ɗara haka. To wace rigar kanti ce za ta yi miki? Idan kika saya don kafaɗa ba za ta rufe ba, idan kika saya don ƙirji wuyan zai zube, hannu ya sauko miki har gwiwar hannu. Shekara nawa kika bar jaki kina dukan taiki?"

Ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Kuskuren da teloli da yawa suke yi wa mai jiki shi ne su ƙara inci ko'ina daidai wa daida, sai riga ta fito murabba'i. Alhali ƙashi ba ya ƙiba. Kafaɗar mace ba ta faɗaɗa yadda ƙirjinta da cikinta suke yi, hannunta ba ya ƙara tsawo. Don haka ita daga awon saman ƙirji take yanka wuya da kafaɗa da ramin hannu, sannan ta buɗa wa ƙirji wurinsa daban da dat, wato ɗan ninkin da ake ɗinkewa don yadi ya bi tudun jiki, ta ƙara wa gaban riga tsawo don kada ya ɗage ya bar baya yana jan ƙasa. Ramin hannu kuma, saɓanin yadda na zata, ba a zurfafa shi. Idan ya yi zurfi, duk ɗaga hannun da kika yi sai rigar gaba ɗaya ta biyo ki sama. A ɗaga shi kusa da hammata, a buɗa hannun rigar a damtse, shi ke nan kin samu sakewa.

Na koma gida da wannan magana tana yi mini yawo a kai, na shiga bin diddigin lambobin da suka sa ni kuka. Abin da na tarar ya ba ni haushi, ya kuma ba ni dariya. A masana'anta, ana zana riga ne a kan ƙaramin jiki guda ɗaya, daga nan a riƙa ƙara mata faɗi da ƙa'ida, kusan inci biyu daga lamba zuwa lamba, har a kai manya. Wato kuskuren da Inna ta faɗa, shi ne injin yake maimaitawa sau dubbai. Shi kansa yunƙurin da gwamnati ta yi na daidaita lambobin bai kai shekara ɗari ba. Tsakanin 1939 da 1940 ma'aikatar gona ta Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, kowace aka ɗauki awo 59 a jikinta, ƙarƙashin jagorancin Ruth O'Brien da William Shelton, aka buga rahoton a 1941. Awon fararen fata kaɗai aka yi lissafin da shi. A kan wannan aka gina ma'aunin da gwamnatin ƙasar ta fitar a 1958, wanda ita da kanta ta janye shi a 1983. Tun daga nan kowane kamfani yake yanka wa kansa lamba yadda ya ga dama, wasu har suna liƙa ƙaramar lamba a babbar riga don mai saye ta ji daɗi ta dawo. Ga kuma bambancin ƙasa da ƙasa: abin da Ingila ke kira 16, Amurka 12 take ce masa, Faransa kuma 44. Mace ɗaya, jiki ɗaya, lamba uku. Ni kuwa na zauna a mota ina kuka saboda 18.

A cikin wannan bincike na haɗu da matar da na ji ta kwanta mini, Lena Bryant. 'Yar ci-rani ce daga Lituweniya, tela, mijinta ya rasu ya bar ta da jariri, ta buɗe ɗan shago a birnin New York a 1904. Wajen buɗe asusun banki aka rubuta sunanta Lane maimakon Lena, sunan ya bi kamfanin har yau. Da rigunan masu juna biyu ta fara, a zamanin da jaridu ke ƙin buga tallarsu don ana ganin abin kunya ne, daga baya ta juya ga mata masu jiki, tana auna masu sayen kayanta don ta gano yadda jikinsu yake da gaske. A Ingila kantin Evans ya fara irin wannan a 1930, a Italiya kamfanin Max Mara ya kafa Marina Rinaldi a 1980. Duk da haka sai a 2020 aka ga mata masu jiki irin su Precious Lee suna tafiya a bikin nuna kayan kamfanin Versace na Italiya, duniya ta ɗauka da labari kamar an ga wata da rana tsaka. Fiye da shekara ɗari bayan Lena, har yanzu idan na shiga manyan kantuna, sashenmu yana can ƙuryar baya, kusa da ɗakin ajiya, kaya kala uku.

Sai maganar ratsi. Yadina ratsinsa a kwance yake, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa na ɓoye shi. To ashe tun 1867 wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa murabba'in da aka ja wa layuka a kwance ya fi bayyana da tsawo da siranta a ido kan wanda aka ja wa a tsaye. Peter Thompson na Jami'ar York ya gwada abin a kan zanen mata sanye da riguna, ya tarar ratsin kwance ba ya ƙara wa mace faɗi yadda ake ta faɗa. Na yi murna, har na kira ƙanwata na karanta mata. Sai da na ajiye waya na kama kaina. Tambayar da nake yi ba ta canza ba: zai nuna ni siririya ko kuwa? Na samo malamin da ya ba ni izini ne kawai. Da a ce binciken ya nuna akasin haka, sai in mayar da yadin akwati? Lokacin da na kai wa Inna wannan labari, dariya ta yi. Ta ce ita abin da ya dame ta da ratsi ɗaya ne, ya haɗu daidai a ɗinkin gefe, kada na gaba ya fi na baya tudu.

Ina ganin masu rubutu a intanet suna cewa ki tsaya gaban madubi kowace safiya ki ce kina son jikinki. Na gwada. Sai na ji kamar an ƙara mini wani aikin gida ne da zan faɗi a kansa. Akwai ranakun da nake duba madubi in ji daɗi, akwai ranakun da ba na ji, kuma na lura ƙawayena sirara ma haka suke. Abin da ya canza mini rayuwa ƙanana ne ƙwarai, har kunyar lissafa su nake ji. Gajeren wando na auduga mai laushi a ƙarƙashin riga, wanda ya raba ni da saɓewar cinya da na sha fama da ita tun ina makaranta, ina tafiya kamar agwagwa ina cewa takalmi ne. Rigar mama da aka auna ni kafin in saya, inda na gane cewa maɗaurin da ya zagaya baya shi ke ɗaukar yawancin nauyi, igiyar kafaɗa taimako kawai take yi, ga shi na shekara da shekaru da kwarmi a kafaɗa. Siket mai ƙugun da ba ya naɗewa idan na zauna. Hannun rigar da ba ya shata mini layi a damtse.

Ranar farko da na fita da kayan da babu inda suke cizo na, na je aiki, na yi taro, na hau bene, na dawo. Sai da dare na tuna cewa yini guda ban ja riga ƙasa ba, ban gyara mayafi don rufe ciki ba, ban zaɓi kujerar ƙarshe ba. Na manta da jikina ɗungurungum, na yi abin da ya kai ni. Idan ana maganar amincewa da kai, ni wannan mantuwar ce na sani.

Na san akwai mai karantawa da ke cewa, to lafiya fa? Ina zuwa a duba mini hawan jini da sukari, ina tafiyar ƙafa da yamma sau huɗu a mako, kuma tafiyar nan ba ta fara ɗorewa ba sai da na samu kayan da zan iya yin ta a ciki. A shekara shidan da na yi ina azabtar da kaina da buhu, ko kilo ɗaya kunya ba ta rage mini ba. Zaman gida kawai ta ƙara mini. Maganar nauyina tsakanina da likita ce. Tela aikinsa ya ɗinka wa jikin da ke tsaye a gabansa.

Daga nan ne ma na fara sanin me nake so, wanda a da ban taɓa samun sararin tambaya ba, tunda duk abin da ya shiga shi ne zaɓina. Ashe ina son doguwar riga miƙaƙƙiya mai aljihu biyu masu zurfi. Ina son wuya mai ɗan tsini ƙasa, da hannu mai tsayawa tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, da manyan 'yan kunne. Ina son kore shar, da ruwan goro, da ja. Ina son yadi mai nauyin da zai zubo da kansa, domin sirin yadin roba mai sheƙi manne wa jiki yake yi, ya riƙe zafi, ko da yake ɗan kaɗan na zaren roba a cikin auduga yana sa kaya su bi motsinki. Inna ta yanka mini wani siket a karkace, ba bisa miƙen zare ba, salon da Madeleine Vionnet ta yi suna da shi a Faransa a shekarun 1920. Yana cin yadi, amma yana bin kwankwaso ya sauka ba tare da ya kama ko'ina ba. Bel kuwa, wanda duk mai ba da shawara ke cewa mai jiki ta ɗaura don a ga ƙugunta, ba na so. Na gwada sau uku, ji nake kamar an ɗaure damin itace. Rigar matse ciki ma na sallame ta, bayan wani zama na awa huɗu da na yi ina numfashi rabi-rabi, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da aka tattauna ba.

Kayan "sai na rame" da suka cika rabin durowata na kwashe su na bayar. Riguna goma sha ɗaya, wasu da takardar kanti a jiki. Kowace safiya nakan buɗe durowar su kalle ni kamar masu bin bashi. Guda ɗaya na bari, don marigayiya mahaifiyata ce ta ba ni.

Yadin ruwan ɗorawa mako biyu ya yi a hannun Inna. Sau biyu ta kira ni gwaji, ta ɗage kafaɗa da rabin inci, ta saukar da dat ɗin ƙirji kaɗan. Ratsin ya haɗu a gefe kamar da shi aka saƙa. Na sa rigar ranar da dangi suka taru a gidan yayanmu. A bakin ƙofa na tsaya na kusan minti ɗaya, zuciyata na cewa ki koma ki ɗauko baƙin mayafi. Na shiga haka. Wata matar kawuna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah, ke da wannan jiki kika sa wannan kala?" Kafin in buɗe baki Goggo ta ce, "Ai da ganinta kin san ba aro ta yi ba." Aka yi dariya, aka wuce. Da aka zo hoto ƙanina ya miƙo mini waya bisa sabo, na ce ya ba wani. Ina layin gaba, na biyu daga hagu, idona ɗaya a rufe saboda rana.

Yadi ɗaya da rabi ya rage. 'Yata ta ce ita ma irin tawa take so, har da aljihun. Na ɗauko tef na ce ta miƙe. Ina zagaya shi a cikinta sai na ga ta ja numfashi ta shanye ciki, yarinya 'yar shekara takwas. A wurina ta gani, babu wani wuri. Na ce, "Saki cikinki, Mamana, rigar mai numfashi za a ɗinka." Ta saki tana dariya. Na ba ta biro da takarda na ce ta rubuta da kanta.

"Ƙirji 26," na ce.

Ta rubuta, ta ɗago kai. "Sai ina kuma?"